Shinkafa Warara Ba Sa'a Ba Ce

A zamanin kakanni, a yawancin gidajen ƙasar Hausa, shinkafa abincin ranar Sallah ce da suna da saukar babban baƙo. Tuwon dawa da na gero su ne na kullum. Yau lamarin ya juya. Da wuya rana ta faɗi a gidan birni ba a ɗora tukunyar shinkafa ba, kuma sau da yawa wanda ke tsaye a kan tukunyar matashi ne: ɗaliba a ɗakin kwanan makaranta da ɗan rishonta, ko saurayi mai hidimar ƙasa a garin da ba shi da kowa, ko amaryar da aka ce yau ta fara girki. Dukansu fatansu ɗaya ne in sun ɗaga murfi, su ga shinkafa ta tashi warara, kowace ƙwaya tana zaman kanta. Abin da da yawansu ke tararwa kuwa shi ne ta caɓe, sama ta dunƙule, ƙasa ta kama.

Nan take sai a ɗora laifin a kan shinkafar, ko a ce yau dai ba a yi sa'ar girki ba. Alhali da wuya a sami shinkafar da ba za ta dahu da kyau ba in an san halinta. Kuma da tsadar da mudu ya yi a 'yan shekarun nan, tukunya guda da ta lalace ba ƙaramar asara ba ce ga gida, balle ga ɗalibin da ke lissafin gwangwani nawa zai kai shi ƙarshen wata. Saboda haka ya kamata matasa su san abin da ke faruwa a cikin tukunyar nan, tun daga wanki har zuwa saukewa.

Kuskuren farko a kasuwa ake yin sa, tun ba a kunna wuta ba. Shinkafar da ke kan tebur a kasuwanninmu gida biyu ce babba. Akwai ɗanya, wadda aka kai inji kai tsaye bayan an sussuke ta ta bushe. Fara ce tas, tana karyewa da wuri, in aka cije ta sai ta yi gari a baki. Ita ce shinkafar tuwo da waina da sinasir, kuma laushinta da danƙonta su ne amfaninta. Sai kuma gumi, wadda launinta ya ɗan ja zuwa ruwan ɗorawa, ƙwayarta da ƙarfi da ɗan sheƙi. Ita ce ta shinkafa da miya, da dafa-duka, da garau-garau. Wanda ya sayo ta tuwo yana neman warara ya ɗora wa kansa aiki, domin ko ya kiyaye komai sai ya rage ruwa sosai kafin ya sami abin da yake so. Tambaya ɗaya ga mai awo, "Ta tuwo ce ko ta dafawa?", tana raba mutum da wannan wahalar.

Duk wanda ya taɓa zuwa Kura ko Garun Malam ko Bunkure a jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin Kadawa, ya ga yadda ake gumi, kuma mata ne ƙashin bayan sana'ar. Ana jiƙa shanshera da ɓawonta a ruwa mai ɗumi ta kwana. Da safe a tsame ta a zuba a babbar tukunya ko rabin duro da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe da buhu, a hura wuta har ɓawon ya fara tsagewa. Sannan a baza ta a shanya, ana juyawa, sai ta bushe a kai inji. Turarawar nan tana dafa sitacin da ke cikin ƙwayar tun tana cikin ɓawo, in ta bushe sai ta ƙanƙame ta yi tauri. Shi ya sa gumi ba ta yawan karyewa a inji, ba ta saurin fashewa a tukunya, amma tana shan ruwa da lokaci fiye da ɗanya.

Gumi yana da wani alheri da ba a gani da ido. Jiƙon da tururin suna tura wani ɓangare na bitamin da ke cikin dusar shinkafa, musamman B1, zuwa cikin ƙwayar kanta, ta yadda ko an goge dusar ba a rasa shi duka ba. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. A shekarun 1890, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Java, ya lura cewa kajin da ake ciyarwa da gogaggiyar farar shinkafa suna kamuwa da shanyewar ƙafa irin ta cutar beriberi, kuma suna warkewa in aka ba su wadda ba a goge ba. Binciken ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1929. Matan Kura ba su jira wannan bayani ba, amma hannunsu yana kare abin da likitan ya gano.

Bayan gumi ko rashinsa, sai irin shinkafar. Sitacin shinkafa kashi biyu ne, masana na kiransu amilos da amilofektin. Mai yawan amilos takan dahu a warware, mai ƙarancinsa kuma takan yi danƙo. Basmati ta Indiya da Pakistan tana cikin masu yawa, shi ya sa take miƙewa doguwa ba ta manne wa 'yar'uwarta. Jasmin ta Tailan ta fi ta laushi da ɗan danƙo. A Laos da arewacin Tailan akwai wadda kusan ba ta da amilos sam, da hannu ake cura ta a ci. Namu irin su FARO 44, wadda manoma ke kira Sipi, da Jamila, dogayen ƙwayoyi ne da ke yin warara in an gume su da kyau. Haka nan shekaru suna aiki: sabuwar shinkafa ta kaka tana da sauran danshi, ba ta son ruwa da yawa, tana saurin laushi. Wadda ta yi watanni a rumbu ta fi shan ruwa, ta fi kumbura, ta fi warwarewa. A Indiya har ajiye basmati ake yi shekara ɗaya ko fiye kafin a sayar, kuma tsohuwar ta fi tsada. Don haka ma'aunin ruwan da ya yi daidai a buhun da ya ƙare ba lallai ya yi daidai a sabon buhu ba, sai an gwada.

Sai wanki, inda gaggawa ta fi cin matasa. Ƙwayoyin shinkafa suna gogar juna a inji da cikin buhu da bayan mota, sai wani farin gari ya lulluɓe su. Garin nan sitaci ne zalla. In ya shiga tukunya ya haɗu da ruwan zafi, abin da yake zama shi ne irin sitacin da mai wanki da guga ke damawa ya sa wa babbar riga, kuma shi ne ke liƙe ƙwayoyin da juna. Wankin kirki da ruwan sanyi ake yi, a zuba shinkafar a roba mai faɗi, a cuɗa da yatsu a hankali, a tsiyaye, a sake. Ruwan farko fari ne fat. Na biyu yakan ɗan washe. Zuwa na uku ko na huɗu ana iya hango ƙwayoyin ta cikin ruwan, kuma nan ake tsayawa. Ba a murza ɗanyar shinkafa da ƙarfi tsakanin tafuka, domin karyewa za ta yi ta saki sabon gari, a koma gidan jiya. In an gama a zuba ta a gwagwa ta tsane sosai. Ruwan da ya maƙale a jikin shinkafar da ba ta tsane ba yana shiga tukunya ba tare da an lissafa shi ba, kuma a ƙaramin girki shi kaɗai ya isa ya caɓe ta.

Shinkafar gida da ba ta bi ta injin cire tsakuwa ba tana buƙatar rege, kuma abin takaici ne yadda wannan fasaha ke ɓacewa daga hannun yara. Mai regewa takan zauna da ƙwarya biyu, ko roba biyu. Ta cika ɗaya da shinkafa da ruwa, ta karkata ta kaɗan, tana girgizawa a hankali hagu da dama. Shinkafar, da yake ta fi sauƙi, sai ta riƙa zamewa da ruwan tana gangarawa ɗaya ƙwaryar, kaɗan-kaɗan. Tsakuwa da yashi su nutse su tsaya a gindi. A ƙarshe abin da zai rage a ƙwaryar farko bai fi cikin cokali ba, baƙi-baƙi, yana ƙara in an motsa. Ta zubar, ta sake zagaye na biyu. Yarinyar da ke da uwa ko kaka ko gwaggo da ta iya wannan ta matsa kusa ta ce, "Inna, nuna mini," domin abu ne da ake koya da ido da hannu. A lokacin da aka rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a watan Agusta na 2019, har zuwa Disamba na 2020, shinkafar gida ta mamaye kasuwa, manyan injina sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, tsakuwa ta ragu sosai a buhunan kamfani. Amma ta mudu da ake saya a kasuwar ƙauye har yanzu tana son ƙwarya.

Batun ruwa shi ne zuciyar maganar. Ga wanda ke dafa ɗan kaɗan, gwangwani 1 na gumi yana son kusan gwangwani 2 na ruwa. Ɗanyar doguwar shinkafa tana son 1 da rabi, haka ma basmatin da aka jiƙa minti 20 zuwa 30. Wannan mafari ne kawai. Abin da ba a cika faɗa wa matasa ba shi ne ruwan da ake zubawa gida biyu yake rabuwa: wanda shinkafa ke sha, da wanda ke tashi tururi ya fice. Na shan yana ƙaruwa daidai da yawan shinkafa. Na ficewar kuwa bai damu da yawanta ba, ya dogara ne ga faɗin tukunya da kyan murfi da ƙarfin wuta. Nan ne yarinyar da ta ƙware a girkin mutum biyu take faɗuwa ranar da baƙi suka zo. Ta saba 1 da 2, sai ta auna gwangwani 8 ta zuba ruwa 16, shinkafa ta nutse. A tukunya mai murfin kirki, wajen 12 ko 13 kan wadatar, in ya gaza a ƙara. Masu girkin biki sun san wannan ko ba su taɓa faɗarsa ba, shi ya sa ruwansu a babbar tukunya da ƙyar yake rufe kan shinkafa.

Ma'aunin yatsa, wato a ɗora yatsa a kan shinkafa ruwa ya kai gaɓar farko, yana aiki a matsakaiciyar tukunya mai shinkafa daidai. A tukunya mai faɗi da shinkafa 'yar kaɗan yakan yi yawa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara da ruwan da ake ganin ya ɗan gaza, a ajiye butar ruwan zafi a gefe. Shinkafar da ruwa ya yi wa kaɗan ana yayyafa mata ta ƙarasa. Wadda ta riga ta sha ta fashe ba ta komawa.

In ruwa ya tafasa, an sa gishiri, an zuba shinkafa, a juya sau ɗaya don kada ta kwanta a gindi, a bar ta ta sake tafasa, sannan a rage wuta ƙasa sosai a rufe. A kan gas a mayar da shi ɗan ƙaramin harshe. A kan icce a janye itatuwan a bar garwashi. A kan gawayi a ɗebe wani ko a yayyafa toka. Daga nan ludayi ya huta. Kowane juyi yana farfasa ƙwayoyin da suka fara laushi, yana fitar da sitacinsu cikin ruwa, kuma wannan shi ne ainihin abin da mai tuƙa tuwo ke yi da gangan da muciya. Kowace buɗewar murfi kuma tana sakin tururin da aka tara. Ɗanya tana son minti 15 zuwa 18 a haka, gumi 20 zuwa 25.

Tukunya tana sanar da mai kula. Da farko ana jin ɓararrakar tafasa. Can sai ƙarar ta lafa ta koma 'yar siririya. In aka leƙa sau ɗaya a lokacin, za a ga saman shinkafar ya bushe, ga ƙananan ramuka a ko'ina inda tururi ke fitowa. A ɗauki ƙwaya ɗaya daga sama a matse tsakanin yatsu biyu: in ta lotse amma akwai ɗan ƙarfi a tsakiya, ba ruwa take nema ba, tururi take nema. A nan ne mafi yawan shinkafa ke lalacewa, domin mai girki yana jin ɗan taurin nan sai ya tsorata ya kwara kofi guda. Abin yi shi ne a rufe ruf, a kashe wuta ko a bar ta kan toka mai zafi, a ba ta minti 10 ba a taɓa ba. A cikin mintunan nan danshin ƙasa yana hawa sama, ƙwayoyin suna ƙarasa nuna, jikinsu yana ɗan ƙarfafa yadda ba za su farfashe ba. Sai a buɗe a wargaza da cokali mai yatsu daga gefe zuwa tsakiya, a bar sauran tururin ya fita.

Tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, wadda kamfanin Toshiba na Japan ya fara sayar da mai kashe kanta a 1955, ba wani abu take yi da ya wuce wannan ba. Muddin akwai ruwa a gindinta zafin ba ya wuce ma'aunin tafasa, digiri 100. Da ruwan ya ƙare sai zafin ya haura, na'urar ta ji ta kashe, ta bar tururi ya ƙarasa. Kunne da hancin mai girki suna iya yin aikin nan a kan murhu.

Mutanen Iran, waɗanda suka yi suna wajen shinkafa warara, sun ɗauki tururi da muhimmanci har suna naɗe murfin tukunya da tsumma mai tsabta, don ya shanye ruwan tururin da ke taruwa a jikin murfin kada ya ɗiga ya koma kan shinkafar. Ƙanzon da ke gindin tukunyarsu, tahdig, da gangan suke yin sa da mai, kuma shi ake rububi a faranti. Dabarar tsumman nan ta dace da mu ƙwarai, musamman ga mai tukunyar da murfinta ya lanƙwashe. Ta fi abin da ya zama ruwan dare a gidajenmu da wuraren biki, wato shimfiɗa leda ko buhun roba a kan shinkafa mai zafi. Leda ba don wuta aka yi ta ba, takan narke a gefe, kuma abin da ke jikinta yana iya shiga abinci. Tsumman auduga wankakke yana yin aikin, a dai ɗaure bakinsa a saman murfi kada ya taɓa wuta.

Akwai wata hanya da gidaje da yawa ke bi: a tafasa shinkafa cikin ruwa mai yawa kamar minti 10, a juye a gwagwa, a ɗauraye, a mayar tukunya a ƙarasa. Tana ba da warara, ba shakka, kuma tana taimakon shinkafa mai warin gumi ko mai yawan gari. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma ta bayyana cewa dafawa cikin ruwa mai yawa a tsiyaye tana rage sinadarin arsenik da shinkafa ke ɗauka daga ƙasa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100, sai dai tana tafiya da wani kaso mai yawa na bitamin. Ga gumi mai tsabta da aka wanke da kyau, ba dole ba ce. Wanda ya zaɓe ta kuma ya tuna shinkafar ta riga ta sha fiye da rabin ruwanta, a zagaye na biyu ɗan abin da zai jiƙa gindin tukunya kawai take so.

Dafa-duka tana da nata tarkon. Tumatir da tattasai da albasa da aka markaɗa ruwa ne, romon nama ma ruwa ne, duk sai an lissafa su. A soya kayan miyan har su ƙafe mai ya taso, sannan a zuba shinkafar a juya ta cikin man kowace ƙwaya ta samu, kafin a tsaida ruwa daidai kanta. Tsamin tumatir yana jinkirta laushin shinkafa, don haka takan ɗan ɗauki lokaci, kuma amsar jinkirin ita ce rufi mai kyau da ƙaramar wuta. A garau-garau kuwa wake ake fara ɗorawa har ya kusa nuna kafin shinkafa ta shiga, in ba haka ba kafin wake ya yi laushi ta narke. Kanwa kuma 'yar kaɗan, domin yadda take tausasa wake haka take tausasa shinkafa.

In duk da haka aka buɗe aka ga shinkafa ta nuna ga ruwa kwance, a yi maza a juye ta a gwagwa ta tsane, a mayar kan ƙaramar wuta murfi a buɗe na ɗan lokaci. In kuwa ta riga ta fashe, kada a zubar. A ƙara mata wuta a tuƙe ta tuwo, ko a ajiye ta don ƙullun waina, wanda dama da dafaffiyar shinkafa ake haɗa shi kafin a kai markaɗe.

Saura abin da ya rage a tukunya, kuma wannan ya shafi lafiya kai tsaye. Shinkafar da ba a dafa ba tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, wadda irinta ba ya mutuwa da tafasa. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumi, kamar a kular da ta huce ko a tukunya rufe a zafin bazara, ƙwayar tana farfaɗowa ta yaɗu ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Amai yakan fara cikin awa 1 zuwa 5 bayan an ci. Hukumomin lafiya na Ingila suna ba da shawarar a huce ragowar shinkafa da wuri, cikin awa 1 in zai yiwu, a sa a firji, a cinye kafin ta wuce kwana 1, a ɗumama sau ɗaya kacal har ta yi zafi ciki da waje. A baza ta a faranti mai faɗi ta fi saurin hucewa a kan a bar ta a dunƙule. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara a auna daidai cikin mutanen gida tun farko, abin da ya ragu a ba maƙwabta ko almajiri tun da zafinsa. Shinkafar biki da ta kwana a kula tun la'asar ɗin jiya, ko ba ta yi wari ba ko ba ta yi yauƙi ba, kada a ɗumama wa yara ita da safe.